Yadda Ake Ɗaura wa Motar Suruki Naitiro Ba Tare da Ya Gane Ba

Idan burinka shi ne ka mai da tsohuwar motar surukinka motar tsere cikin mako uku, sannan ka mayar masa da abarsa fes kamar ba a taɓa ba, to ka zo gidan sani. Matakai takwas ne kacal. Na ba ka tabbaci, duk wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya sai ya isa daidai inda na isa, ba ragi ba ƙari.

1. Samo suruki mai mota, mai yarda da mutane

Wanda ya fi dacewa shi ne tsohon bakanike da ya yi shekara talatin da biyar a garejin kamfanin bas-bas, yanzu ido ya yi rauni, likita ya ce ya haƙura da tuƙi. Zai tafi wajen babbar 'yarsa a yi masa aikin ido, sai bayan mako uku. Ranar tafiya zai ja ka gefe, ya ta da motar, ya ɗaga yatsa ya ce ka saurara. Ba za ka ji komai ba, kuma abin da yake so ka ji ke nan. Da hannunsa ya haɗa injin nan, shirunsa ne abin alfaharinsa. Zai danƙa maka mukulli ya ce abu ɗaya yake roƙo, kowace safiya ka ta da ita ta yi ɗumi minti biyar, ka kashe.

Daga baya matarka za ta raɗa maka cewa in Baba ya dawo kyautar da motar zai yi, kuma sunanka ne a bakinsa. Wato abin da ke tsakaninka da mota shi ne ka zauna lafiya kwana ashirin da ɗaya. Masana sun tabbatar wannan ya fi ƙarfin namiji mai cikakkiyar lafiya.

2. Bari maganar maƙwabci ta shige ka

Kowace unguwa tana da irin Mai Walda, mutumin da ke tsallaken titi, mai motar da salansarta ke tayar da jarirai. A safiya ta huɗu zai leƙo ta kan katanga ya tarar da kai kana ɗumama mota, ya tambaya ko yau ma asibiti za a kai tsofaffi. Zai ƙara da cewa ranar Asabar maza na gwada injinansu a miƙaƙƙiyar hanyar nan ta bayan tsofaffin rumbunan ajiya, amma kada ka damu, akwai inuwar 'yan kallo.

Mai hankali dariya zai yi ya shige gida. Kai ka riƙe maganar, ka ci abinci da ita, ka tafi wajen aiki da ita. Haƙuri abu ne mai tsada, bai kamata a ɓarnatar da shi a kan maƙwabci ba.

3. Tambayi masani, don ka san abin da za ka ƙi ji

Je wajen bakaniken unguwa, wanda kowa ke kira Na-Faɗa-Maka. Kada ka tambayi asalin sunan, za ka sani da kanka. Ka ce masa naitiro kake so, iskar nan da ake ɗurawa a tukunyar ƙarfe, in aka fesa wa inji ya ƙone mai ninkin abin da ya saba, mota ta zabura.

Zai goge hannu da tsumma ya yi maka karatu. Fistin iri biyu ne, na zubi da na ƙira. Na motar Baba na zubi ne, irin mai yawan silikon da ake rubuta wa haifayutektik a jikin kwali. Yana da tauri, ba ya kumbura sosai in ya ji zafi, shi ya sa ake saka shi a matse, injin ya yi shiru, bai shan baƙin mai. Zai yi shekara ashirin yana kai yara makaranta bai ce uffan ba. Amma taurinsa irin na farantin tangaran ne, bai san lanƙwasa ba, fashewa kawai ya sani.

Zai ce in dai dole ne, a sa ƙaramin jet, wato bakin da ke auna yawan iskar da za a fesa, mai ƙarfin doki hamsin, a ja taimin wutar fulogi baya, a canza fulogi, a tabbatar mai na isa. Sannan a sauke injin a ɗan ci bakin ringi, zoben da ke kewaye fistin, da magagari, domin in zafi ya yi yawa ringi na miƙewa, bakinsa biyu su haɗe, in ya rasa wurin zuwa sai ya ɓalle kan fistin.

Ka tambaye shi kwana nawa sauke inji zai ci. In ya ce biyar, ka ce a bar ringi da lafiyarsa, sauran ma a yi a hankali nan gaba. Zai dube ka, ya dubi motar, ya ce to.

4. Ɓoye tukunya, tanadi amsa

A ɗaure tukunyar a but kusa da safaya, a lulluɓe ta da tsohon bargo. Maɓallin fesawa a sa shi ƙarƙashin sitiyari, inda gwiwarka kaɗai ta sani.

Matarka za ta gani, domin ba a taɓa ɓoye wani abu a but mace ba ta gani ba. Ka ce mata tukunyar kashe gobara ce, ka saya don tsaron motar Baba. Za ta tambaya me ya sa tiyo ya fita daga jikinta ya nufi inji. Ka ce ai can gobara ke farawa. Wannan amsar tana da kyau ƙwarai, don ita kaɗai ce a cikin shirin nan da za ta zama gaskiya.

5. Hau jet kamar matakala

Gwada doki hamsin a hanyar da ba kowa. Motar da ta saba tafiyar ɗaukar ƙwai za ta manna ka da kujera, ka ji dariya na fita daga bakinka ba da izininka ba. Ka sauka, ka buɗe bonet, ka ga komai lafiya. Ga hujja ke nan cewa bakanikai tsoro ne da su.

Jet ɗan guntun tagulla ne mai rami, ana canza shi da sifana cikin minti biyu, kuma babban kuskuren masu sayarwa shi ne a leda ɗaya suke zubo su duka. Washegari ka sa na saba'in da biyar. In ka ji wani ɗan ƙis-ƙis kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, fistin ne ke kai ƙara. Ƙara sautin rediyo. Jajibirin Asabar ka sa na ɗari da hamsin, tunda wanda ya iya ɗaukar buhu ɗaya sau uku, ai zai iya ɗaukar uku sau ɗaya.

6. Danna, kada ka saki

Asabar da hantsi ku jera da Mai Walda. Wani mai hula ja zai ɗaga hankici ya sauke. Taka totur, danna maɓalli. Daƙiƙa huɗu za ka yi kana gaba, ka hango shi a madubi yana ƙanƙancewa. Ka adana daƙiƙun nan da kyau, su ne dukan ribarka.

A ta biyar za ka ji fas, sannan ƙarar cokula a cikin kwano, sannan shuɗin hayaƙi ya rufe maka madubin. Mai Walda zai wuce ka a hankali, ya juyo, ya ciro igiya daga but ɗinsa. Shi zai ja ka har gareji a gaban jama'a, yana ba da hannu a kowace kwana.

Na-Faɗa-Maka zai kwance kaskon baƙin mai ya juye shi a faranti. Zai tsinto gutsattsarin fistin na uku ɗaya bayan ɗaya ya jera maka a tafin hannu. Ba zai ce na faɗa maka ba, sunansa ya riga ya faɗa.

7. Gyara da abin da ya fi na da

Saura kwana tara. Sayar da babur ɗinka, ka ce wa matarka ƙafa kake son motsawa, motar kuma an kai ta wanki na musamman. A nan ne za ka nuna ka yi hankali. Tunda na zubi ya ba ka kunya, ka ce a sa na ƙira, mai ƙarfin da ko guduma sai ta yi da gaske. Ai Baba ma riba ya ci.

Bakanike zai buɗe baki ya ce, "Na ƙira kam yana da ƙarfi, amma fa da safe..."

Katse shi. Ka ji wa'azi ya ishe ka. Ranar da Baba zai dawo ka je da la'asar ka karɓi motar, an gama gwada ta, injin na da zafi, yana tafiya sumul. Cire tukunya, toshe ramukan, wanke mota har ƙarƙashin tabarmar ƙafa. Da dare Baba zai sauka a gidanku, ku taɓa hira. Ka yi barci mai daɗi.

8. Tsaya kusa da shi lokacin da zai ta da ta

Da sassafe Baba zai fito da sabon tabarau, matarka na biye da shi da kofin shayi. Zai shafa bonet kamar mai gaida jika, ya yaba wankin, ya shiga ya murɗa mukulli.

Ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas.

Yanzu ne za ka ji ƙarshen maganar da ka katse. Fistin ƙira yana kumbura da zafi, don haka da ɗan sako-sako ake saka shi. In injin na da sanyi sai ya riƙa bugun bangon silinda har ya yi ɗumi. Duk safiya, har abada. Likita ido ya gyara wa Baba, kunnen kuwa dama bai taɓa lalacewa ba.

Zai zauna yana saurare har ƙarar ta lafa, ya kashe, ya fito. Ba zai ɗaga murya ba.

"Ba a sa na ƙira sai an fasa na zubi," zai ce. "Jet nawa?"

"Ɗari da hamsin, Baba."

"An buɗe bakin ringi?"

Ka dubi takalminka. Zai gyaɗa kai, ya ce shi ma yana da shekarunka ya taɓa narkar da injin maigidansa, kuma da ƙafarsa ya je ya faɗa kafin a tambaya. Fistin ƙarfe ne, ana sayar da shi a kwali.

"Jiya mun yi hira har awa biyu, ɗana," zai ce. "Na so a ce daga bakinka na ji, ba daga bakin mota ba."

Wannan ita ce za ta zauna maka a ƙirji, ka gwammace da zaginka ya yi. Sai ya juya ya sa mukullin a hannun 'yarsa, wato matarka, ya karɓi shayinsa. Ita kuma za ta tambaye ka, cikin ladabi, ina ka ajiye tukunyar kashe gobarar.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a fashewar fistin, sayar da babur, ko kallon da suruki zai riƙa yi maka ta saman tabarau. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kuma ba a ofishina ake karɓar hoho ba. Mai ƙorafi ya same ni ƙarfe bakwai na safe a ƙofar gida, kujerar gefen direba, jaka a cinya, ina jiran matata ta gama ɗumama motarta. Ba sai ka tambayi gidan ba. Ka bi ƙarar.