Injiniya Sai-Gobe da Jan Ɗigo

Wanda bai taɓa ganin Injiniya Sai-Gobe yana shigowa makaranta da safe ba, da sauransa a kallo. Jakar kwamfuta a kafaɗa, waya biyu a hannu, ta uku a kunne, tabarau a goshi tunda idon lafiyarsa ƙalau. Da gira yake amsa gaisuwa, domin kan da ke ɗauke da fasahar zamani ba a jijjiga shi a banza. Mu malamai, 'yan alli da allo, sai dai mu raɓe mu ba shi hanya.

Makarantar ta gwaggonsa ce, matar da ta fara da aji ɗaya a garejin gidanta, ta yi ta fama har ta kai ga bene. Ba ta da abin taƙama a duniya da ya wuce sunan makarantar nan a bakin iyaye. Da aka ce mata yanzu a intanet iyaye ke fara leƙa makaranta kafin su kawo yara, sai ta sa aka yi mata shafi, ta danƙa wa ɗan wanta amanar kula da shi. Aka kwashe tsintsiya da bokitai daga ɗakin ƙarƙashin matakala, ya tare. Kafin ka ce kwabo an kafa allo a ƙofa: Babban Daraktan Sashen Fasahar Zamani. Sashen kuwa shi kaɗai ne, sai fanka.

Aikin ba wani mai karya baya ba ne. Shafin a kan wata manhaja yake tafiya, wadda ta cikinta ake saka hotuna da sanarwa. Lokaci lokaci masu manhajar kan gano wata kafa da ɓarayi za su iya bi, su aiko da gyaran da zai toshe ta. Na mai kula shi ne ya adana kwafin shafin, ya danna "Sabunta". Sai dai a gefen wannan maɓalli akwai wani mai suna "Tuna min gobe", kuma a nan Injiniya ya samu abokin zama. A nan ma ya samu sunansa.

"Ni manhaja za ta ba umarni?" in ji shi a ɗakin malamai, alhali ba wanda ya tambaye shi. "Na'ura fa kamar yaro ce, in ka biye mata yau, gobe sai ta hau kanka. Ƙananan ma'aikata ne ke rawar jiki da zarar an ce a sabunta. Mu manya nazari muke yi."

Nazarin kuwa mun sha jin sa ta ƙofa, har da ihu in an zura ƙwallo a raga.

Duk gyaran da ya ɗaga sai ya je ya taru cikin wani jan ɗigo a kusurwar fuskar kwamfuta, da lamba a tsakiyarsa. Lambar ta yi ta hawa. Wata rana gwaggo ta leƙo, idonta ya faɗa kai.

"Ɗana, wannan jan abin fa? Ni a sanina da jan biro muke kayar da yaro."

Injiniya ya yi murmushin tausayin jahilai. "Gwaggo ke nan! Ai maki ne. Makin da ake ba shafin da ya yi fice a duniya. Wasu makarantun sifili gare su, saboda ba su da irina."

Baiwar Allah ta yi ta sa masa albarka, har da sayo masa kujera mai juyawa. Daga ranar, in ta zo wucewa sai ta zura kai ta ce, "Makinmu ya ƙaru?" Shi kuma bai taɓa ba ta kunya ba, kullum ya ƙaru.

A taron iyaye aka ba shi dama ya gaisa da jama'a, ya riƙe makirufo ya ƙi saki. "Iyayena, ku kwantar da hankalinku. Tsaron da na yi wa shafin nan, ko ƙuda sai ya nemi izinina. Tun da na karɓe shi ban bari an taɓa ko wasali ɗaya a cikinsa ba!" Aka yi tafi raf-raf. A duk jawabin, wannan ta ƙarshen ce kaɗai gaskiya.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, na Injiniya kuwa ƙofa ce a wangale. A makon ɗaukar sababbin ɗalibai, wata uwar tagwaye ta shigo ofishin gwaggo da waya a hannu, tana huci. Inda hoton 'yan aji ɗaya yake, yanzu tallan maganin sanƙo ne. Hoton gwaggo na nan daram da murmushinta, amma a ƙarƙashinsa, wurin jawabin maraba, an rubuta: "Zuba kaɗan, kwashi da yawa, caca ba fashi." Matar ta ce ba za ta kai 'ya'yanta gidan caca karatu ba, ta fice. Kafin a tashi, waɗanda suka yi alkawarin kawo yara sun daina ɗaga waya. Wallahi duk wanda ya san wahalar da gwaggo ta sha ya ji mata zafi.

Injiniya kam ko gezau, har wani ƙyalli yake yi. "Gwaggo, hari ne na ƙasa da ƙasa. Na daɗe da sanin manyan ƙwararru na fakona. Ba a jifan bishiyar da ba ta da 'ya'ya." Ya kira kamfanin da ke ajiye shafin, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji yadda manya ke magana.

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya fake ka," in ji ma'aikaciyar kamfanin. "Wata na'ura ce ke zagaya intanet tana tura duk ƙofar da ba a gyara ba. Ba ta ma san da kai ba. Kana da kwafin da ka adana mu mayar?"

"Kwafi ai na matsorata ne," in ji shi, amma murya ta fara sirancewa.

Ya buɗe manhajar, gwaggo na tsaye a kansa. Ta duba kusurwa, ta sake dubawa.

"Ɗana, ina makinmu?"

Babu jan ɗigo, ko alamarsa. Ma'aikaciyar ta yi bayani cewa ba maki ba ne, tarin gyaran da aka ƙi yi ne. Su ɓarayin, da suka shiga suka samu wuri, sai suka sabunta komai tsaf, don kada wasu ɓarayin su biyo ta kafar da suka bi. Wato tun da aka kafa shafin, su ne na farko da suka taɓa kula da shi.

Gwaggo ta daɗe tana kallon ɗan wanta, shi kuma yana kallon fanka. Sannan ta sunkuya kusa da wayar.

"'Yar nan, waɗannan da suka yi gyaran, za a iya samun lambarsu? Ina neman ma'aikaci."

Washegari tsintsiya da bokitai suka koma ofishinsu. Allon ƙofar dai yana nan, don Injiniya ya ce zai zo ya cire shi gobe.