Benen Kakan Mai Asali

Ba kowa Allah ke ba baiwar tuna gidan da bai taɓa shiga ba, amma ya ba tsohon daraktanmu. Tun da ya yi ritaya ya rasa wanda zai tsawata wa, sai ya koma kan kakanninsa, bayin Allah da ba su da bakin musu. Muka sa masa suna Mai Asali, ya amsa har da gyara zama.

Wata shida yana bincike. Ya sayi sabon tabarau da fayil uku. A bayan wata tsohuwar ambulan ya samo adireshin kakansa: gida mai lamba tara, layin bayan tasha. Ya je ya tarar da bene mai baranda da tagogi goma sha biyu. Sau biyu ya ƙirga su. Bai ƙwanƙwasa ƙofa ba, don mai ilimi irinsa ya wuce tambaya. Ya dawo ya zana taswirar cikin gidan da ka, har da ɗakin karatu.

Binciken ya zo a kan gaɓa. Ɗan wani tela na neman auren 'yar daraktan, ita ma tana so. Mai Asali ya ga ya kyautu a nuna wa tela tazarar da ke tsakaninsu, cikin mutunci. Ya ɗauke shi a mota har ƙofar benen, ya ɗaga sanda sama.

"Malam tela, daga barandar can kakana yake kallon gari. Ba raini ba ne, tarihi ne."

Wata tsohuwa da ke shanya a barandar ta leƙo. Ya rattaba mata sunan kakan da ƙarfi. Ta sauko a hankali, tana dafa bango.

"Allah sarki, mai guga! Nan ya zauna, ɗana." Ta tura wata 'yar ƙofa ƙarƙashin matakala, inda ake ajiye bokiti da tsintsiya. "Shekara talatin yana goge kayan babana, bai taɓa ƙona ko hannun riga ba. Ga shi ba a jin muryarsa. Ka tabbata kai jikansa ne?"

Mai Asali ya sauke sandarsa ƙasa.

Tela ya sunkuya ya leƙa ɗakin, ya yi wa mamacin addu'a. Sannan ya dafa kafaɗar daraktan.

"Kada ka damu, ranka ya daɗe. Yarinyar muke so. Mu a gidanmu ba ma duba asali."