Kakan Mushe Tsoho

Ƙasar Adar ba ta taɓa rasa manyan mutane ba, amma sai bayan yunwar shekarar fara Allah ya dube ta da idon rahama ya mayar mata da Mushe Tsoho. Garinsu, wani ɗan ƙauye a gindin dutse kusa da Tabotaki, bai cancanci irinsa ba. Shi da kansa yakan tuna musu da haka, don kada su shagala.

Sunansa na yanka Alƙasim, sunan kakansa, shi ya sa gida ake sakaya shi da Tsoho. Mushe kuwa a Madawa ya samo shi, inda ya yi shekaru a gidan wani Bature yana riƙe da babban muƙami na wanke tukwane da kakkaɓe ƙura. Can ya ji Faransawa suna kiran junansu da wata kalma mai kama da haka. Ranar da ya dawo gida da tsohuwar hular kwano a ka, ya sanar cewa daga yau ba ya amsa Tsoho tsurarsa. Mutanen garin, waɗanda a iya saninsu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka, suka dubi juna suka amince. Ba a taɓa naɗa sarautar da jama'a suka karɓa hannu biyu-biyu irin wannan ba. Har masu zuwa rijiya sukan ratse don su gaishe shi da ita.

Babban mutum ba ya cewa «ni». Wannan ma a Madawa ya koyo shi. Sai dai ka ji «Tsoho ya gani», «Tsoho bai yarda ba», kamar yana ba da labarin wani jarumi da ya yi sa'ar saninsa. In ya gaji da labarin jarumin, sai ya koma kan kakansa, Malam Alƙasim, wanda ya yi karatu a Sakkwato, ya dawo ya gina masallacin garin da hannunsa. Wannan kam gaskiya ne. Cikin duk abin da Mushe Tsoho ke taƙama da shi, kakan nan kaɗai ne ba shi ya ƙera shi ba.

Amma babban ilimin da ya kwaso daga Madawa shi ne na ado. A ɗakin Baturen nan ya ga fuskokin itace masu haƙora waje, da ƙahonin namun daji, da ƙoƙon kan mutum a kan teburi. Ya kakkaɓe su shekara da shekaru, ya yi ta nazari, har ya gano asirin mulkin Nasara baki ɗaya.

«Ku mutanen ƙauye,» in ji shi a dandali, «in kun samu wadata sai ku jera ƙore da tasoshi. Nasara kuwa abin tsoro shika ratayawa, shi zamna ƙarƙashinai shi ci tuwonai. Wanga shi na wayewa. Wanda ba a tsoron ɗakinai, wa ka tsoron maganatai?»

Da damina maigari ya rasu. Aka ce in an gama kaka kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, zai zo rangadi, ya zaɓi sabo tsakanin jikokin Malam Alƙasim biyu, Tsoho da ɗan baffansa Umaru. Umaru, da yake bai waye ba, sai ya shiga bin dattawa yana gaishe su. Mushe Tsoho ya san ba dattawa ke naɗi ba. Kumandan ke naɗi, kumandan kuwa Nasara ne. In ya shiga zaure ya ga abin da ya saba gani a gida, zai gane nan take cewa ga ɗan'uwa. Saboda haka, lokacin da duk mai ƙafa a garin yake gona yana yankan gero, shi ya ja ƙyauren zaurensa ya duƙufa.

Dole a yaba masa, ya yi aiki. Ya fafe duma ya fitar da ramukan ido, ya shafe shi da farar ƙasa, ya liƙa masa haƙoran farin wake da ƙaro. Ya yi guda, ya ga ya yi kyau, ya yi masa ƴan'uwa har suka cika bango. Ya roƙi guntayen fata wurin baduku ya yanka jemagu, ya baƙanta su da bayan tukunya, ya rataye su kai ƙasa. Ya haɗa mujiya da gashin kaza, idanunta gindin kwalba. Da karan dawa ya ƙera hannaye masu farcen ƙayar aduwa, ya kafa su a ƙasa kamar wani na ƙoƙarin fitowa daga kabari. Zaren da matarsa Furera ta kaɗa tun rani don zane, shi ya zama yanar gizo daga kusurwa zuwa kusurwa.

«Maigida,» in ji Furera, «gizo na gaske cike da ɗakin ga, kullum ina share yanatai. Mi ya hana ka ce in bar shara, ka bar min zarena?»

«Na gizo aikin daji na. Wanga aikin hannu na. Ke ina kika san bambanci?»

«Bambancin na sani. Guda ba shi hana ni zane.»

Mushe Tsoho ya ci gaba da jan zarensa. Manyan mutane sun saba da rashin fahimta daga cikin gida.

Da ya buɗe zauren don jama'a su ɗanɗani tsoro, an samu ƴar matsala. Akuyar Furera ce ta fara shiga, ba ta nuna alamar firgita ba, ta cinye haƙoran ƙoƙon kai biyu. Bayanta wata tsohuwa mai suna Gogo ta leƙo, ta daɗe tana kallon mujiyar da girmamawa, har zuciyar Mushe ta fara kumbura.

«Mushe ɗana, Allah shi yi albarka. Ara min wagga in kai gona, tsuntsaye sun ƙare min dawa.»

Liman Aƙilu, wanda ya yi karatu a gaban Malam Alƙasim, ya tsaya daga bakin ƙofa bai shiga ba.

«Mushe, waɗanga abubuwa mi sunansu?»

«Dekorasiyo, Liman, adon Nasara.»

«To. Mu nan sunan da munka sani daban na. Can bayan dutse, wurin arna, na taɓa ganin irinsu, da jinin kaza bisa.»

«Liman, ka yi haƙuri, wanga fanni ba shi cikin littattafanku.»

Abu ɗaya ya rage, wanda zai zauna a tsakiya ya ɗauke ido. Allah ya kawo shi: aka tsinci kura ta mutu a kwazazzabo. Mushe Tsoho ya jawo ta da kansa, ya feɗe, ya cusa ƙaiƙayi, ya ɗinke, ya dogare mata baki da kara. Jima aikin majema ne, bai dace da jikan malami ba, don haka ya tsallake wannan mataki. Kafin mako ya zagayo, zauren ya samu kwarjinin da ake nema. Mutane suka riƙa sake hanya tun daga nesa. Mushe ya ga suna kaucewa, ya gyaɗa kai, ya ce tsoro ya fara shiga. A dandali kuwa aka ce yanzu sunan ya cika.

Kumandan ya iso da hantsi bisa doki, da tafinta da gardi biyu masu tsaronsa. Saurayi ne, bai daɗe a ƙasar ba, kuma yana da ciwo iri ɗaya da na Mushe: ya yi imani yana jin Hausa, kamar yadda Mushe ya yi imani yana jin Faransanci. Kafin dattawa su gama gaisuwa, hular kwano ta ratsa taro, ta ƙame, ta sara.

«Mon kumandan, salo! Antire!» in ji Mushe, yana nuna masa ƙofar zaurensa.

Kumandan ya toshe hanci da hankici ya shiga. Gari ya taru a ƙofa. Ya dubi bango, ya dubi rufi, ya dubi kura. Sai hankicin ya sauka a hankali. Abin da Mushe bai sani ba, wannan Bature tun saukarsa ƙasar yake farautar kayan tsafin mutanen dā. Arnan gaske kuwa, da sun hango dokinsa sai su zama musulmi har ya wuce. Ga shi yau an jera masa zaure guda.

Tafinta ya matso, Mushe ya ɗaga masa hannu. Tsakanin manya ba a bukatar ɗan tsakiya.

«Wa yi wannan?» in ji kumandan.

Mushe ya buga ƙirji. «Tsoho, mon kumandan.»

«Tsoho!» Wannan kalma kumandan ya san ta. Idanunsa suka yi haske. «Tsoho tsoho? Kaka?»

Mushe ya yi mamakin basirar Nasara, da kallo ɗaya ya gane lokacin da aka yi aikin. «Wi, wi! Kaka. Duka kaka.»

Kumandan ya juya ya zubo wa tafinta Faransanci kamar ruwan sama. Tafinta, wanda bai manta hannun da aka ɗaga masa ba, ya gyara murya yadda na bayan taro za su ji.

«Kumandan na tambaya, don kada a yi kuskure. Ka ce kayan tsafin kakanka na, da ka gada?»

Ƙudaje kaɗai ke magana a kan kura. Liman Aƙilu yana bakin ƙofa da tasbaha a hannu. Furera tana bayan zana. Ba abin da ake nema wurin Mushe sai «a'a» guda ɗaya, da bayanin cewa Tsoho shi ne, kaka kuma ta gero ce. Har ya buɗe baki. Sai kumandan ya kama hannunsa da hannu biyu ya girgiza. Shekarun da ya yi a Madawa, ba Baturen da ya taɓa miƙo masa hannu sai da tukunya a ciki. In ya ce jiya-jiya ya liƙa waken nan da ƙaro, hasken idon nan zai mutu, hankici ya koma hanci.

«Wi, mon kumandan,» in ji jikan Malam Alƙasim. «Gado na.»

Liman ya yi salati, ya juya ya tafi. Daga bayan zana aka ji muryar mace ta ce, «Har da zarena?» Tafinta bai ga amfanin fassara wannan ba.

A gindin tsamiya kumandan ya yi jawabi mai zurfi. Ya ce ya yi karatu a kan al'adun baƙar fata, ya san a ƙasa irin wannan mai riƙe da tsafi daban, mai riƙe da gari daban. Zai zama zalunci a ɗauki mutum mai tsarki irin wannan a ɗora masa karɓar lanho, wato haraji, da tara mutanen aikin hanya. Umaru zai yi wannan wahala. Shi kuwa wannan dattijo, daga yau gwamnati ta san shi a matsayin Sarkin Tsafi. Tafinta ya maimaita sarautar sau biyu, wai ko iska ta ɗauke ta farko.

Aikin maigari Umaru na farko shi ne zaɓen waɗanda za su ɗauki kayan zuwa bariki, don kumandan ya ce wuri irin wannan bai dace da ajiyar abin tarihi ba. Aka kwashe ƙoƙunan kai, da jemagu, da mujiyar da Gogo ta so. Kura kaɗai aka bari, saboda girmama al'ada, in ji kumandan, hankici a hanci. Da zai hau doki ya ja kunnen Sarkin Tsafi: ya san irinsu ba sa fitar da komai rana ɗaya. Baɗi zai dawo da abokai, yana so ya ga sauran abin da kaka ya ɓoye.

Mushe Tsoho bai karaya ba. A dandali yana bayyana wa duk wanda bai samu hanyar gudu ba cewa maigari ana samunsa a kowane ƙauye, amma Sarkin Tsafi na gwamnati, daga nan har Keita, Tsoho ne kaɗai. A masallacin da kakansa ya gina ana bar masa fili mai faɗi, dama da hagu. Ya ce ladabi ne. Mata daga bayan dutse sun fara zuwa da baƙaƙen kaji suna neman haihuwa. Furera takan karɓi kajin, ta ce na zarenta ne.

Umarnin kumandan kuwa ba a wasa da shi. Da gero ya nuna, Sarkin Tsafi yakan ja ƙyaure ya hau fafe duma. Yanzu ya ƙara ƙwarewa: in ya gama, sai ya rataye su bisa murhun Furera su sha hayaƙi, su yi kama da abin da ya shekara ɗari. Turawa suna zuwa, suna kwasa, suna tambayar wa ya yi, yana ba su amsar da suka zo nema.

Malam Alƙasim, Allah ya jiƙansa, ya yi rayuwarsa bai sassaƙa ko cokali ba. Tun da ya mutu kuwa hannunsa bai huta ba, kowace kaka sai ya fitar da sabon kaya.