Dodon Ƙarshe a Wasan Zakhele

"Lafiya ƙalau, in ban da wannan gwiwa. Kai kuma wace iska ta kwaso ka ranar Alhamis da rana tsaka? Korar ka suka yi?"

Gogo MaZwane ke nan, tsaye a ɗan kicin ɗinta na Soweto tana tsamo magwinya, fanken mutanen can, daga tafasasshen mai, farar rigarta ta taron matan coci tana rataye a ƙofa an goge ta tas. Jikanta Zakhele ya rakuɓe a gefe, kwamfuta a hammata, takarda a hannu, yana murmushin mai neman alfarma. Shekara biyu ke nan yana digiri na biyu a Johannesburg kan ƙera wasan kwamfuta, kuma wasan da zai kammala da shi muryar tsohuwar nan ce a ciki tun daga farko har ƙarshe. To ga ƙa'idar jami'a: duk wanda aka ɗauki muryarsa sai ya sa hannu ya yarda. In takardar ba ta isa ofis kafin ƙarfe huɗu na yau ba, sai baɗi. Shi kuwa mutumin naku a ɓoye ya ɗauki muryar, wata shida yana maƙale waya a bayan gwangwanin sukari.

Ya ce, "Amarya, kin ƙara kyau. Wa zai ce kin kai tamanin?"

"Ruwa ba ya tsami banza. Mijin da bai taɓa sayo min ko albasa ba yau ya zo da kirari. Faɗi abin da ke tafe da kai."

"Hannu kawai za ki sa min a nan."

"Gidan za ka sayar?"

"Wa zai sayi gida da ke a ciki? Takardar makaranta ce."

"Makarantar wasa. Jikan ƙawata MaGumede likita ne. Ni kuwa in mata suka tambaye ni, sai in ce nawa yana can yana wasa. Su ce har yanzu? In ce ai ya gama ƙaramin, yanzu babban yake yi. Sau uku ana sa ka a addu'a."

"Ta karɓu, ga shi zan gama."

"Ba na sa hannu a abin da ban gani ba. Buɗe."

Ba yadda ya iya, ya ɗora kwamfutar kan tebur ya kunna. Sai ga wani ɗan yaro a ciki ya dawo daga makaranta, yana sanɗa ta tsakar gida, ya wuce kare, ya wuce ƙofa mai ƙara, ya nufi kwanon magwinya da aka rufe da ƙyalle. Kwatsam wata murya ta fito: "Na ji motsin kwano."

Gogo ta waiga. "Wace ce wannan mai murya kamar tsohon injin niƙa?"

"Ke ce."

"A gidan uban wa ka samo ta?"

"A bayan gwangwanin sukari."

"Af. Ni ina ta murna yaro ya fara son shayi, ashe kare ne ke shinshinar takalmi."

Kafin ta rufe baki wata ƙatuwar tsohuwa ta cika allon, kanta na gugar rufi, silifa a hannu. Gogo ta matso da fuska ta ƙura mata ido.

"Wannan fa?"

"Dodon ƙarshe. Kowane wasa yana da babban dodo da ake karawa da shi a ƙarshe."

"Ni, shugabar matan Alhamis, ni ce dodo."

"Babba fa, Gogo. Ba ƙarami ba."

Ta gyara tsayuwa, da alama maganar ta shige ta. "In ta yi jifa, silifar tana shan kwana?"

"Kwana biyu take sha."

"Uku. Tambayi kawunka Mbuso, har bayan banɗaki ta bi shi, ta dawo hannuna da kanta. Mutum nawa suka gwada?"

"Arba'in da biyu."

"Nawa na kama?"

"Duka. Farfesanmu sau goma sha ɗaya."

"Madalla. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Miƙo biro."

Ta goge hannu a zani, ta karɓi biro, har ta kai shi bakin takarda. Da Zakhele ya kama bakinsa da an gama. Amma ina, ɗan boko ba ya ganin bayani ya ƙyale.

"Shi ya sa farfesa ya ce in gyara. Ya ce wasan da ba mai iya ci ba wasa ba ne, horo ne. Dole dodo ya zama yana da lago."

"Wane lago?"

Ya danna. Rediyo ya fara waƙar coci a cikin wasan, ƙatuwar tsohuwar ta zauna a kujera, kai ya langaɓe, minshari ya tashi. Yaron ya zura hannu ya suri guda ya arce.

Gogo ta ajiye biron a hankali. "Ba zan sa ba."

Zakhele ya dubi agogo. Sha biyu ta gota, ƙarfe ɗaya za ta tafi coci, in ta tafi kuwa sai yamma liƙis.

"Haba amarya. Dodo kin yarda, injin niƙa kin yarda, sai ɗan barci?"

"Ka mai da ni kura ma in ka so, ka sa min ƙaho. Ƙarya ce ba na sa wa hannu. Ni ban taɓa barcin rana ba."

"Minsharin ma naki ne, na ɗauka."

"Ƙugin firij ne."

"Firij ɗin da ya mutu tun ina firamare? Gogo, a gaban wannan kujera na yi ta satar magwinya tun ina shekara bakwai har na gama sakandare. Kullum kina barci. Bincike ne fa, shafi goma sha biyu na rubuta a kai."

"Shafi goma sha biyu na shirme."

Ta kashe wutar, ta jawo kujerar ta zauna tana murza gwiwa.

"Shekarar da muka binne uwarka aka kawo min kai. Ba ka magana, ba ka ci. In na zuba maka sai ka ture, har na fara tsoron zan binne biyu. Rannan na gaji na kishingiɗa, sai na ga wani ɗan hannu kamar tsinke yana lallaɓawa ƙarƙashin ƙyalle. Na ce oho, ashe ɗan neman nan sai na sata yake ci. Washegari na sauko da kwanon daga kan kabad zuwa inda hannunka zai kai. Shekara goma sha ɗaya ina lamɓo da rana tsaka, wuyana har yau bai miƙe ba, kai kuma ka je jami'a ka gaya wa farfesa ka fi ni wayo."

Zakhele ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, son tsohuwar nan ya cika masa ƙirji har idanunsa suka kawo ruwa. Ya ɗago ya dube ta.

"Minsharin fa?"

"Wajen kakanka na koya. Shekara arba'in ina ɗaukar darasi, ni ma digiri ne."

Dariya ta ƙwace masa yana share ido da bayan hannu. "Na sallama, kin ci. In cire barcin?"

"Bar shi, 'ya'yan mutane su samu su ci. Amma in yaron ya juya baya, ta buɗe ido ɗaya."

"Kafin ki sa rigar coci na gyara."

Ta ɗauki biro ta rubuta sunanta harafi-harafi, manya-manya, har ya haura layin farfesa. Sannan ta tura masa kwanon magwinya. Ya kai hannu, ta buge shi.

"Tsaya in rufe ido tukuna. Ban saba ganin kana ci da izini ba."