Hoton Ilu Mai Busa

A Tudun Wada ta Jos an yi wani dattijo, Ilu, mai busa saksafon, algaitar nan ta Turawa. Yana zaune da 'yarsa Asabe da ƙanensa Cindo, wanda furfura ta riga wayo isowa kansa. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Duk Lahadi da la'asar Ilu da abokansa kan yi kiɗan jaz a lambun wani otal. Da tari ya kama Ilu ya ƙi saki, hankalin Asabe ya tashi, don ba ta da hoton mahaifinta na kirki ko ɗaya, ga shi ya hana ta taka otal.

Wata rana ta aro kyamara ta ba Cindo. "Baffa, ka ɗauko min Baba, amma kada ka tare wa mutane." Cindo ya koma can bayan kowa ya rakuɓe. Ya dawo mata da ƙeyoyi da huluna.

Wata rana ta ce, "Don Allah Baffa, ka matsa kusa sosai." Bawan Allah ya matsa har ya cusa kyamarar a bakin saksafon. Hoto ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Asabe ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Wata rana Dogara mai ganga ya tausaya masa. "Cindo, hoto ba ya son motsi. Jira sai ya tsaya cak." To, mai busa ina ya ga ta tsayawa? Jama'a na ta ɗauka da wayoyinsu, Cindo na jira. Ana tsakiyar kiɗa numfashin Ilu ya gaza. Ya sauke saksafon ya rungume a ƙirji, ya tsaya yana murmushi, yana sauraron abokansa suna ƙarasa masa waƙar. Nan Cindo ya danna.

Ashe busar ƙarshe ke nan. Ranar sadakar uku aka yi ta nuna wa Asabe hotunan waya, duk dishi-dishi, kumatu a kumbure, ƙarfe ya rufe rabin fuska. A na Cindo kaɗai ta ga mahaifinta sosai.

"Baffa, Allah ya saka da alheri," ta ce, tana hawaye.

Cindo ya sunkuyar da kai. "Shekaranjiya ma Yaya ya tsaya cak. Na ɗauko kyamarar, amma na kasa dannawa."