Rasuwar Wayata a Kwalbar Kwaɗo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma zargin da ya ƙi kwanciya, ni malamar ilimin halittu ta 'yan shekarar farko nake sanar da rasuwar wayata, wadda ɗalibai ke kira Tsohuwa. Ta cika ranar Litinin da hantsi a ɗakin gwaje-gwaje, bayan shekara shida tana hannuna.

Marigayiya mai haƙuri ce da son aiki. Madubin duba ƙananan halittu biyar ne a ɗakinmu, ɗalibai kuwa ɗari uku. Ita nake karawa a bakin madubin ta ɗauko hoton ƙwayar albasa, ta tura guruf ɗin aji, har na kujerar baya ya gani. Ita ke riƙe da shafin da nake zuba darussa a intanet, kuma ita kaɗai ta san kalmar sirrinsa, don ni ban taɓa haddacewa ba. Abin da take cewa a rayuwarta bai wuce "tirin, tirin" ba, sai kuma gurnani in na toshe mata baki a taro.

Aibinta ɗaya, idonta ya cika kaifi. Na ba aji aiki: kowa ya ɗauki hoton wata halitta a gidansu, ya tura guruf da bayani. Da muka zauna dubawa, Tsohuwa ta nuna mini ƙadangare mai yankakkiyar jela, kwance a bango mai tsaga, ya zo mana sau arba'in da bakwai da sunaye daban-daban. Wasu sun juya shi ya kalli hagu, wani ma ya ƙara masa haske. Ta adana hotunan da sunayen, tare da makin aji duka. Ni kuma da bakina na faɗa a aji, ranar Litinin da safe, cewa gobe zan kai ta gaban shugaban sashe. Wannan wautar tawa ce, kuma ina kuka da kaina.

Na bar ta a tebur na fita wanke hannu. Da na dawo, tana cikin kwalbar da muke ajiye mataccen kwaɗo a ruwan magani can saman kantar ɗakin, ita a ƙasa, kwaɗon a kanta. Mai kula da ɗakin gwaji ya ce wataƙila kira ne ya shigo, ta yi ta girgiza har ta gangara. To, na sha ganin ta tana rarrafe a kan tebur, amma ban taɓa ganin ta hau saman kantar ba, balle ta buɗe murfi, ta shiga, ta mayar ta rufe.

An yi mata iyakar ƙoƙari. Kwana biyu tana kwance cikin shinkafa don ta tsotse ruwan. Mai gyaran waya ya buɗe ta, ya sansana, ya kawar da kai, ya miƙo mini ita da hannu biyu.

Akwai abubuwan da ke hana ni sakewa. Wakilin aji ya zo mini gaisuwa tun kafin in sanar da kowa. A yinin nan kuma ya goge hotunan guruf gaba ɗaya, wai don ganinsu zai tayar mini da hankali. Ban taɓa sanin yana ƙaunata haka ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya da ba ta aiki sai an ɗaure da roba, da riga mai tsagewa a kusurwa, da shafin darussa da ya kulle har abada. Ta kuma bar ɗalibai ɗari biyu da hamsin da uku da suka yi aikinsu tsakani da Allah, ga makinsu ya bi ta. Su nake tausayi, don dole kowa ya sake aikin.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma a ɗakin gwaje-gwaje. Za a sa ta a kwalbarta ita kaɗai, a manna mata takarda, a jera ta da sauran gawarwakin da ke saman kantar. Halarta wajibi ce, kuma za a kira suna. Masu gaisuwa za su shigo ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina zaune ina kallon fuskoki. Duk wanda ya fi ni kuka, da shi zan fara.