Filin da Na Saya a Waya

Shekara shida ina dogayen rubuce-rubuce a shafina na intanet kan harkar filaye a Birnin Kudu da Gwaram. Kullum gargaɗina ɗaya ne: kada ka sayi fili da rani, bari ka gan shi da damina. Masu karatu suka watse, kowa ya koma kallon gajerun bidiyo, har na gaji.

Wata rana da bazara, ni ma ina latse-latsen waya, sai ga wani dillali yana tallan fili a Farin Dutse, har da kiɗa. Na ce ai gwani irina ba ya jiran damina. A satin na saya.

Ruwan Agusta na sauka, fili ya zama tafki, har da agwagi.

Ina tsaye bakin ruwan sai ga Alhaji Sule, ɗan majalisarmu ta hira. Ya ce, "Malam, kai ka saya? Ai ni aka fara yi wa talla. Rubutunka na tuna, na fasa."

Ashe mai karatu ɗaya ya rage mini, kuma ba ni ba ne. Har yau in na isa majalisa, ba mai tambayata ya iyali. Sai dai, "Malam, ya kifi?"